Me Ya Sa Yamai, Ba Damagaram Ba?

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake harkar hatsi tsakanin kasuwar Mai'aduwa da Matamaye, ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Malam, kakana yakan ce a zamanin mahaifinsa Damagaram ce babban birnin Nijar. In haka ne, me ya sa aka ɗauke aka kai Yamai, can ƙuryar yamma, alhali yawancin jama'a suna nan gefenmu? Kuma wace irin ƙasa ce Yamai ɗin? Ni ban taɓa wuce Maraɗi ba."

Maganar kakanka gaskiya ce, ɗana, Allah Ya ja da ransa. Daga wajajen 1911 zuwa 1926 a Damagaram hukumar Faransa take zaune, daga can ake juya ƙasar baki ɗaya. In za a dunƙule amsar tambayarka, abu biyu ne: ƙishirwa da Kano. Damagaram ba ta da isasshen ruwa, sannan ta yi kusa da Kano fiye da yadda Bafaranshe zai iya barci da ido biyu a rufe. Amma bari in warware maka, domin na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a nan Daura, kuma hanyar Yamai na taka ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mu mutanen Daura ba sai an ba mu labarin ƙarfin Damagaram ba. Zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ta yi ganuwa, ta yi igwa, ayarin raƙuma na saukowa daga Tarabulus su yada zango a can kafin su wuce Kano, su Zango da Baure duk a ƙarƙashin inuwarta suke. Da Faransawa suka ci garin a 1899, ginannen birni suka tarar, da fada da kasuwa da malamai da alƙalai da fatake. Cikas ɗin yana ƙarƙashin ƙafa. Ka san manyan duwatsun nan da ke tsakiyar unguwar Birni. To, garin a kan wannan dutsen yake zaune. Mai haƙa rijiya ba ya nisa sai ya ci karo da fa, ruwan sama kuwa sai dai ya taru a tafkuna, rani na yi ya ƙafe. Har gobe daga rijiyoyi masu nisa da gari ake turo wa Damagaram ruwan famfo, kuma kai da kake shiga can da bazara ka ga layin jarkoki da idonka.

Maganar ruwan nan ita ce ma ta shata iyakar da kake ƙetarewa a Kwangwalam. A yarjejeniyar 1898 Ingila ta zana wani baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta ce duk abin da ke ciki nata ne. Wannan ya sa ayarin Faransawa da ya taso daga bakin kogin Kwara zai je Damagaram dole ya zagaya ta arewa, ta wajen Tawa, inda rijiya ke nesa da rijiya, dabbobi na mutuwa a hanya. Faransa ta yi ta naci har aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu don ta sami hanya mai rijiyoyi. Ta haka Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi suka faɗa hannunta. Katsinawan Maraɗi da Katsinawan Katsina jini ɗaya ne, neman ruwan da baƙo zai shayar da ayarinsa ne ya sa su a ƙasa biyu.

Sai batun Kano. A 1911 layin dogo ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja, fataucin hamada ya mutu murus. Duk abin da Badamagare ya noma ko ya jeme, fata ce, gyaɗa ce, dabba ce, kudu yake nufa da shi, kuɗin Ingilishi yake dawowa da su a aljihu. Malamansa a Kano da Katsina suke karatu, surukansa suna Daura da Kazaure da Gumel. Ga kuma rashin yarda: a 1906 Faransawa sun zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla musu tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddebuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. A idonsu Damagaram gari ne da fuskarsa ke kallon ƙasar wani. Yamai kuwa tana kallon Dahome da Bolta, wato Benin da Burkina Faso na yau, duk ƙasashen Faransa, ta nan kuma hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano take. Da aka mayar da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, gwamna Jules Brévié ya tsaya kai da fata a kan a koma bakin kogi, a 1926 aka koma. Na ce "koma" ne domin tun a farkon ƙarnin sojan Faransa sun ɗan zauna a Yamai kafin su tafi Damagaram. Wani abin da mutane ke mantawa kuma, taswirar wancan lokaci ba irin ta yau ba ce. Daga 1932 zuwa 1947 an rushe Bolta an raba ta, ƙasar Dori da ta Fadan Gurma suka shigo cikin Nijar, don haka a shekarun nan Yamai ba ta zama gefe sosai kamar yadda kake ganinta yanzu ba.

To me suka tarar a Yamai? Ba birni ba ne irin namu. Babu ganuwa, babu babban sarki, babu tsohuwar kasuwa mai suna. 'Yan ƙauyuka ne jere a bakin ruwa: Gudel, Gamkale, Saga, Kalle, Mawrai, da Lamorde ta Fulani a ɗaya ƙetaren. Zabarmawa ne mafi yawa, da Mawri, waɗanda 'yan uwan Arawan Dogon Dutsi ne da suka koma Zabarmanci, sai masunta, sai zangon fatake Hausawa. Ruwayar baka ta fi karkata ga cewa sunan ya samo asali daga wata bishiya da ake ɗiban ruwa a gindinta, "me" kuwa a Zabarmanci baki ne, kamar yadda mu ma muke cewa bakin kogi. Rashin babban sarki ɗin nan ma wani abu ne da ya yi wa Turawa daɗi, domin fili suka samu da za su tsara yadda suka ga dama. Akwai wata ƙorama mai zurfi da ta ratsa garin ta faɗa kogi, ana ce mata Gunti Yena. Sai suka mayar da ita shinge: a ɗaya gefen, kan tudu mai iska, suka gina ofisoshi da gidajensu, unguwar da har yau ake kira Filato, inda fadar shugaban ƙasa take, a ɗaya gefen suka yanka wa 'yan ƙasa filaye layi-layi.

Yanzu bari in ɗauke ka a mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, daga Damagaram kuwa kusan 900. Za ka bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi mai albasa, Ƙonni, Dogon Dutsi, duk Hausa kake ji kamar kana gida. Daga Doso harshe ya juya. Kafin ka ankara sai mota ta gangara cikin wani kwari mai faɗi, kore shar, ga giginya da goriba, ga rijiyoyin da guga ba ya nisa. Birnin Gaure ke nan, a cikin Dallol Boso. Wannan kwari gawar kogi ce. A zamanin da Sahara take da ruwa, wani babban kogi ne yake gangarowa daga Azawak ta nan ya faɗa Kwara. Kogin ya mutu amma ruwansa na nan kwance a ƙarƙashin yashi, ana kuma dafa kanwa a wurin, kamar yadda ake dafa gishiri a Dallol Foga da ke gabas da shi. Daga nan sai ka hau tudun marmara, ja wur, mai sabara da geza. A wajen Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai, nan ne yawancin raƙuman dawa na Afirka ta Yamma da suka rage suke kiwo, a sake, cikin gonakin mutane. Na taɓa ganin guda huɗu suna cin ganyen gawo, wani manomi na huɗa a kusa da su, ko ɗaga kai bai yi ba.

Yamai kusan a layi ɗaya take da mu, ta ɗan fi mu arewa kaɗan. Ruwan samanta tsakanin milimita 500 ne zuwa 600 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, bai yi nisa da namu ba, gero da wake ne abincin gonarta. Bambancin a tudu yake. Daura da Katsina suna kusan mita 500 sama da teku, Yamai kuwa wajen mita 200, shi ya sa zafinta na Afrilu da Mayu ya fi namu nauyi, ma'auni kan haura 40 kwana da kwanaki, daren ma ba ya sanyi. Agogonmu ɗaya da su amma rana ba ɗaya ba. Wata shekara azumi ya riske ni a can, uwargida ta kira ni daga Daura tana yi mini barka da shan ruwa, ni kuwa ga rana ja tana kallona a bisa kogi. Tsakaninmu digiri 6 ne da ɗoriya, kowane digiri minti 4, ka ga kusan minti 25 ke nan. Tun daga ranar da wannan misalin nake koyar da darasin a aji.

A tsarin mulki, Nijar jihohi takwas ce: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram, sai Yamai. Ita ce ƙarama a cikinsu nesa ba kusa ba, birnin ne kawai da 'yan ƙauyukan gefensa, jihar Tilaberi ta zagaye ta ta kowace fuska kamar ƙwallon goriba. Kada ka kwatanta ta da Abuja, wadda aka yanka mata ƙasa mai faɗi daga jihohi. An raba ta gunduma biyar, huɗu a gaɓar hagu inda tsohon gari yake, ta biyar a gaɓar dama, wadda ake kira Harobanda, wato bayan ruwa.

Kogin shi ne komai, don haka a nan zan daɗe. Mu Kwara muke ce masa, su Isa. Tsawonsa wajen kilomita 4,200, ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi arewa har Tumbutu kamar zai shige hamada, sannan ya karyo kudu ta Gawo, ya shigo Nijar ta wajen Ayoru, ya bi Tilaberi, Yamai, Sayi, Gaya, ya faɗo mana ta Kebbi da Yawuri da Kainji. Abin da ya raba shi da duk ƙoramun da ka sani shi ne sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, ruwan da ya sauka a nan kusa, wanda ƙoramu uku, Goruwal da Dargol da Sirba, suke kwasowa daga ɓangaren Burkina. Ruwan ja ne jawur saboda laka, shi ya sa ake ce masa jan ruwa. Cika ta biyu kuwa sai tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Wannan ruwan Gini ne. Ya sauka tun damina, amma da ya iso fadamun Masina a ƙasar Mali sai ya bazu ya kwanta, ya yi watanni yana tsiyayowa a hankali, lakarsa ta zauna a can, ya iso Yamai garau, ana ce masa baƙin ruwa. Ran da na fara tsayawa a kan gadar Kennedy cikin Janairu ne, buji ya rufe gari, leɓena duk sun tsage, na leƙa ƙasa na ga ruwa maƙil daga gaɓa zuwa gaɓa, kwale-kwale ɗauke da kabewa, masu wanki sun shanya tufafi a kan ciyawa, lambunan latas da kabeji da zogale sun bi bakin ruwa iyakar ganina. Na tuna a daidai wannan lokaci yaranmu na tonon yashi a cikin ƙorama suna jiran ruwa ya tsattsafo. A wurin na fahimci abin da gwamna Brévié ya gani, fiye da duk abin da na karanta.

Sai dai kogin ba kullum yake sakin fuska ba. A watan Yunin 1985, bayan farin 1984, ya tsaya cak a Yamai, mutane na ƙetarewa da ƙafa. Bayan nan ne aka yi ɗan shinge a cikin kogi a Gudel don a riƙe wa matatar ruwa abin da za ta ja da rani. Yau kuma matsalar ta juye. A da baƙin ruwa ne babba, yanzu ja ya fi shi haɗari, kuma ba don sama ta fi zubarwa fiye da zamanin kakanni ba. An sare itatuwa, an nome daji, ƙasa ta zama faƙo. Ruwan da a da yake nutsewa yanzu gudu yake a kan ƙasa, ya kwashi yashi ya zuba a kogi. Kogi ya cike da yashi, cikinsa ya rage zurfi, da ruwa ya zo sai ya nemi gidajen mutane. Haka aka yi a 2012, aka kuma yi wanda ya fi shi a 2020, lokacin da ruwa ya fasa shingen ƙasa ya shiga Lamorde da Kirkisoi da sauran unguwannin kwari, ya cinye shinkafar Saga. Wannan abu yana ci mini rai, domin irin sa muke yi a nan. Duk wanda ya ga yadda kwazazzabai ke cin gonaki a ƙasar Katsina, ko ambaliyar da ta auka wa Jibiya a 2018, ya san ciwon ɗaya ne. Madatsar Kandaji da ake fatan ta daidaita ruwan, can sama wajen Ayoru, tun 2008 aka ɗora harsashinta, aikin ya yi ta jan ƙafa. Wutar lantarki ma kafin 2023 yawancinta daga Kainji take zuwa ta Birnin Kebbi, shi ya sa da aka yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 garin ya ji jiki, a daidai lokacin da ku ma kasuwa ta tsaya muku a Kwangwalam.

Gadar Kennedy a 1970 aka buɗe ta. Kafin nan sai jirgin fito. Ita ta buɗe Harobanda, aka kai jami'a can, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdu Mumuni, da cibiyar nazarin yanayi da noma ta ƙasashen Sahel. Gada ta biyu 'yan Sin suka gina a 2011, ta uku mai sunan Janar Saini Kunce aka buɗe a 2021.

Girman garin kuwa abin mamaki ne. Lokacin samun 'yanci a 1960, zamanin Jori Hamani, mutanen Yamai wajen 30,000 ne. A 1988 sun kusa 400,000, a ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Yunwa ce ta kawo da yawansu. Unguwar Lazare sansanin waɗanda farin 1973 ya koro ne, daga baya ta zama gari. Tun 1965 aka fara dasa wani ɗamarar bedi a bayan gari don tare iska da yashi, yanzu gari ya tsallake ta, ya kuma ci wani sashe nata. Ka saurari sunayen wurare ka ji hannun mutanenmu: Zango, Bukkoki, Wadata, kasuwar Katako inda ake narka tsohon ƙarfe a zuba tukwane. A babbar kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sake gina ta, da Hausa za ka yi cinikinka daga farko har ƙarshe, mahauta da masu kilishi da 'yan tireda yawanci daga Tawa da Maraɗi da Damagaram suke. Amma ka riƙe wannan: ƙasar Zabarmawa ce, su ne masu masauki. Ka koyi ko da "fofo" ne ka gaishe su da harshensu, za ka ga yadda fuska ke sakewa.

Saura abin da na san yana ƙarƙashin tambayarka, ko da ba ka furta ba: an yi wa gabas adalci? A ƙidayar 2012 jihar Damagaram da jihar Maraɗi kowace ta haura mutum miliyan uku, kowace ta ninka Yamai sau uku, kuma Hausawa sun fi rabin jama'ar ƙasar. Duk da haka, da hukuma ta koma yamma sai makarantu da aikin gwamnati da aikin soja suka bi ta, aka yi shekara 33 da 'yanci kafin mutumin gabas ya hau kujerar shugaban ƙasa, wato Mahaman Usman, ɗan Damagaram, a 1993. Ƙorafin mutanen gabas yana da tushe, ba na raina shi. Amma a matsayina na malamin labarin ƙasa ba zan ce zaɓen bakin kogi kuskure ba ne. Birnin da zai ɗauki mutum fiye da miliyan a wannan yanki namu sai da ruwa mai gudu, rijiyoyin Damagaram ba za su iya ba. Kuskuren shi ne tara komai wuri guda, a ƙasar da mutumin Difa zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 kafin ya ga ma'aikatar da takardarsa take. An fara gyarawa, an yi jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, an buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011. Jan da Kano ke yi wa gabashin Nijar kuwa, wanda Faransawa suka gudu, yana nan inda yake, ga shi ma layin dogon da aka fara a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta nan Daura da Katsina da Jibiya zai bi.

In Allah Ya nufe ka da zuwa, ka fara tambayar direbobin tasha halin da hanya take ciki, domin jihar Tilaberi da wasu sassan Doso suna fama da 'yan bindiga, kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka ratse daji neman raƙuman dawa kai kaɗai. Ka tafi da takardunka cikakku. Ka zaɓi watan Janairu. Ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka ga kututturen bishiyar Tenere, wadda ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta buge ta a 1973. Da la'asar ka taka gadar Kennedy da ƙafa ka sauka Harobanda, ka nemi masu lambu a Lamorde, ka ce su nuna maka inda ruwan 2020 ya tsaya a jikin bango. In ka dawo ka biyo ta gida ka gaya mini ko ya kai ƙirjinka, ni dai da na gwada ya wuce ƙuguna.